Ƙarafan Malam André

Litinin, 5 ga Oktoba 2009, Paris

Yau na fara aikin koyo. Duk kamfanonin da na nema babu wanda ya amsa sai wannan gidan tarihin kwamfuta, kuma jami'a ba za ta sallame ni ba sai na yi wata shida a wani wuri. To ga ni. Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, a gindin wani tsohon gini, ana sauka ta wata matakala mai karkacewa. Warin ƙura da tsohuwar roba.

Mai wurin, Malam André, ya haura saba'in. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu. Ya tambaye ni abin da na karanta a jami'a a Bron, can gefen Lyon, na ce tsaron hanyoyin sadarwa. Ya ce madalla, ya miƙo mini tsumma.

Na yini ina goge ƙarafa. Inna ta kira daga Damagaram da yamma tana tambayar sabon biro, wato ofishina, na ce mata lafiya lau, akwai kwamfutoci da yawa. Ban yi ƙarya ba dai.

Laraba, 14 ga Oktoba

Tsohon ba ya iya nuna abu bai ba da labarinsa ba. Yau na ji yadda wurin ya samo asali. Ya yi rayuwarsa yana gyaran injinan lissafi a bankuna da ma'aikatu. Wata rana, wajen 1980, ya je wani banki ya tarar an fito da injin da ya shekara goma yana kula da shi, an ajiye a tsakar gida cikin ruwan sama ana jiran masu sayen tsohon ƙarfe. Ya roƙa aka bar masa. Daga nan garejinsa ya cika, sai ɗakin baƙi, sai matarsa marigayiya ta ce ya zaɓa, ko ita ko su. Shi ne ya haɗa kai da wasu tsofaffin abokan aiki suka kafa ƙungiya, suka sami wannan rami. Abokan sun rasu ko sun koma ƙauye. Saura shi.

Wancan injin na farko yana nan, shi ya cinye rabin babban ɗaki. Kabad-kabad na ƙarfe masu launin toka, kowanne ya fi ni tsawo, da allon sarrafawa mai 'yan fitilu. Yana kiransa Kaka. Ya ce gunduwa-gunduwa suka sauko da ita, lokacin gwiwoyinsu na aiki.

Wayar da ke aljihuna ta fi Kaka ƙarfi nesa ba kusa ba. Na faɗa masa. Ya ce ya sani, amma wayata ba ta taɓa biyan albashin gari guda ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Baƙi uku yau. Ɗaya banɗaki ya zo nema.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Ya ɗauko wani ɗan faifai daga cikin gilashi ya ɗora mini a tafin hannu. Saƙa ce ta zaren tagulla, siririya, a kowace mahaɗa an zura wani ɗan zobe da bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce a ciki tsofaffin injina ke riƙe abin da aka ba su, zobe ɗaya alama ɗaya. Mata ne ke zura su da hannu, a ƙarƙashin tabarau mai ƙara girma, da yawansu idonsu ya lalace a kai.

Na daɗe ina kallonsa. Hannun Gwaggo Sabuwa ya faɗo mini a rai, yadda take zura wuri a jikin ƙwarya ba ta ko duban abin da take yi. Shekara biyar ina karatun nan, ba wanda ya taɓa ce mini akwai hannun mace a cikin ƙwaƙwalwar inji.

Amma dai wata biyar ya rage mini. Takardar zamana ta ɗalibta ce, za ta ƙare baɗi da kaka. In ban sami aiki na gaske ba kafin nan, sai gida.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Sallar Layya. Na je unguwar Barbès gidan Baba Abakar, aminin Baba, mahaifina marigayi, tun suna safarar kaya tsakanin Damagaram da Njamena. Yanzu yana da babbar motar ɗaukar kaya, yana kwashe wa mutane in za su sauya gida. Matarsa Hajiya Ache ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya, na ci har na ji kunya.

Ya tambayi aiki, na kwatanta masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce wato bokon da na yi duka, juji aka ba ni in tsare. Na taya shi dariyar. Sai da na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, na ji abin ya ɗan sosa mini rai, ban san dalili ba. Ai ni ma haka nake kiran wurin a zuciyata.

Talata, 15 ga Disamba

An sayar da ginin. Sabon mai shi zai mai da ƙasan wurin ajiye motoci, ya ba mu zuwa ƙarshen Maris.

Malam André ya gaya mini yana tsaye yana jona waya a bayan wani Minitel, ɗan akwati mai gilashi da maɓallan rubutu da ake haɗawa da layin tarho, bai ko ɗago ba. Ya ce za a sami mafita, kullum ana samu. Da rana na ga ya manta shayinsa a kan Kaka, abin da yake yi wa kowa faɗa a kai.

Alhamis, 14 ga Janairu 2010

Ya buga wa duk wanda ya sani. Manyan gidajen tarihi sun ce suna son abu biyu ko uku, wata ƙaramar kwamfuta mai suna Micral da injin huda katin da ake shigar wa kwamfuta bayanai da shi, sauran ba su da wuri. Ya ce ba zai raba su ba.

'Yarsa Agathe ta zo daga Lyon. Malamar jinya ce, mai magana kai tsaye, fuskarta irin tasa. Ta sami wani rumbun ajiya a Saint-Fons, a gefen Lyon, na dangin mijinta, kusa da masana'antu, ba kowa a ciki. Matsalar, da ƙyar zai ɗauki rabin kayan. Ta ja ni gefe wajen matakala ta ce likita ya gargaɗe shi a kan hawan jini, in taimaka mata kada ya ɗaga abu mai nauyi. Ta ce tun tana yarinya take kishi da waɗannan ƙarafa, yanzu ga ta tana nema musu ɗaki.

Saint-Fons. Na san wurin, daga Bron muna hango hayaƙinsa.

Laraba, 3 ga Fabrairu

Ya sayo 'yan lambobi masu manne, kore na abin da za a tafi da shi, ja na masu sayen tsohon ƙarfe. Mun zagaya tun safe. Duk inda muka tsaya sai labari: wannan wata makaranta ce ta ba shi, wannan daga ofishin wani likita da ya rasu, wannan a bakin titi ya tsince shi a kan hanyar zuwa ɗaurin aure, ya shiga coci da shi a hammata. Da yamma koren sun ƙare. Jajayen ko ɓare su bai yi ba.

Na ce masa, Malam, rumbun ba zai ƙara faɗi don mu ba. Ya ce gobe.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Sojoji sun yi juyin mulki a Yamai. Inna ta ce Damagaram lafiya, kasuwa ma ta ci.

Litinin, 22 ga Fabrairu

Sun ɗauke ni. Babban kamfanin inshora a La Défense, unguwar manyan ofisoshi a Paris, aikin da na karanta, kwangila marar wa'adi, zan fara tsakiyar Afrilu. Da wannan takardar zamana ba za ta ba da wahala ba. Inna ta yi guɗa a waya har maƙwabta suka shigo. Malam André ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce sun yi sa'a.

Alhamdu lillahi. Na fita daga rami.

Talata, 9 ga Maris

Jiya da safe na tarar da ƙofa a buɗe, fitilu a kunne, ba motsi. Yana kwance a ƙasa bayan Kaka, sukudireba a hannunsa. Ya fara kwance ta shi kaɗai. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace, yana son magana ba ta fita. Na kira motar asibiti, na zauna na tallafe kansa, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban san ko ya damu da cewa ba irin tasa ba ce. Ya dai riƙe gefen mayafina.

Shanyewar ɓarin jiki. Gefen dama. Agathe ta iso da jirgin ƙasa, likita ya ce zai rayu, maganar ce ba a sani ba.

A barandar asibiti ta ciro makullan ramin daga aljihun rigarsa ta ba ni. Ta ce, "Ni ban san bambancin ɗaya da ɗaya ba, Shamsiya. In ke ba ki zaɓa ba, masu ƙarfe za su kwashe duka." Na ce ni 'yar koyo ce kawai. Ta ce ta sani.

Asabar, 20 ga Maris

Sati guda ina auna kaya da igiyar awo, ina komawa kan faɗin rumbun. Ko ta ina na juya lissafin wuri ɗaya yake fitowa. In Kaka ta tafi, injin huda kati da mai tantance katunan da duk ƙananan kwamfutocin makaranta da na gida sai su tsaya. In ta tsaya, kusan komai zai shiga. Kuma babu mai iya kwance ta yadda za ta sake haɗuwa sai shi.

Na kira Baba Abakar ya zo ya duba. Ya sauko yana haki, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa kabad ɗaya da yatsa, ya dubi matakala. Ya ce in ba a kwance ta ba, ko da ƙarti shida sai an fasa bango. Ya tsaya gaban injin huda kati ya ce ya taɓa ganin irinsa a ofishin kwastan yana saurayi, wata mata ce ke buga shi, kowa na tsoronta. Bai sake cewa juji ba.

Bayan ya tafi na ɓare jar lamba ta farko. Na manna wa Kaka. Na bar kore a kan allon sarrafawa da kabad ɗaya na hannun dama, su biyu za su iya hawa matakala.

Na tsaya ina kallon jar lambar. Ƙarfe ne fa. Ƙarfe.

Lahadi, 28 ga Maris

Sawu biyu muka yi zuwa Lyon. Baba Abakar da abokan aikinsa sun naɗe komai da barguna, ya ƙi yarda a yi maganar ladansa, ya ce wannan tsakaninsa da Baba ne. A hanya ya ba ni dabino, yana ta labarin yadda mota ta kafe musu a yashi kusa da Gure suka kwana uku suna shan ruwan radiyeta.

Masu ƙarfe sun zo ranar Juma'a. Da abin yanka suka shiga. Na ce zan tsaya in gani, amma da ƙarar ta fara sai na hau sama na tsaya a bakin titi har suka gama.

Asabar, 10 ga Afrilu, Lyon

An mai da shi wani gidan jinya kusa da Agathe. Ya rame. Yana iya fitar da kalma ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Na nuna masa hotunan rumbun a waya, yana gyaɗa kai, har ya yi murmushi da rabin baki da ya ga Minitel a jere. Sai ya ce, "Kaka?"

Agathe ta yi mini ido in ce tana nan. Na kasa. Na gaya masa duka, allon da kabad ɗaya kawai suka tsira, kuma ni na yanke, ba Agathe ba.

Ya dube ni. Sannan ya juya fuska bango. Na zauna har lokacin ziyara ya ƙare, bai juyo ba.

A jirgi na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Laraba, 5 ga Mayu, Paris

Sabon ofishina yana hawa na ashirin da wani abu, taga har ƙasa, ana ganin duk Paris. Mutanen kirki ne. Aikin ba wuya. Ba wanda ke ba da labari.

Lahadi, 6 ga Yuni

Karo na huɗu ke nan ina zuwa Saint-Fons ƙarshen mako. Ina kwana wajen Mariama, wadda muka zauna ɗaki ɗaya a Bron. Ta ce ko saurayi na yi a can nake ɓoyewa. Ai kayan ne ba za a bar su cikin barguna ba, damshi zai ci su. In na gama jera su shi ke nan.

Jiya na kunna wata kwamfuta TO7, irin wadda aka rarraba wa makarantun Faransa a da. Ta tashi. Na zana gida da alƙalaminta a kan gilashi, ni kaɗai a rumbu, ina dariya kamar wawiya.

Abin da ke damuna, labaran. Wasu na riƙe, wasu sun haɗe mini. Wanne ne na likitan, wanne ne na cocin? Ina rubuta abin da na tuna a ƙananan kwalaye ina jingina wa kowanne. Inda ban tabbata ba na bar fili.

Ban koma wajensa ba. Agathe ta ce in ba shi lokaci.

Asabar, 17 ga Yuli

Ina kan tsani ina ɗaura fitila na ji mota. Agathe ce, ta turo shi a keken guragu. Ba ta gaya mini za su zo ba.

Bai gaishe ni ba. Ya nuna da hannun hagu a tura shi layi-layi. Yana karanta kwalayen. A wajen ɗaya ya buga hannun keken, ya girgiza kai, ya nuna na kusa da shi: na musanya likita da coci. Na gyara a gabansa. Inda na bar fili ya yi ta ƙoƙari, kalma-kalma, Agathe na taya shi, har muka cike guda biyar.

A ƙarshe muka iso kusurwar da na ajiye allon Kaka da kabad ɗinta. Ya daɗe. Ya shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ni ina baya, na ƙanƙame tsani.

Ya ce, "Na hagu."

Ban gane ba. Ya sake cewa, a hankali, "Na hagu... ya fi. Kin ɗauko... na wuta." Wato duk cikin kabad ɗin Kaka, wanda ke raba lantarki kawai na ceto, na bar mai lissafin. Na rufe fuska da hannu. Sai na ji wani sauti, na zaci kuka ne, ashe dariya yake yi, kafaɗarsa ɗaya na rawa. Ya miƙo hannu ya kama nawa ya ɗora a kan allon, ya danne da nasa.

Agathe ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba.

Talata, 10 ga Agusta

Gobe azumi. Na ajiye aikin La Défense. Wani ƙaramin kamfanin sufuri a Vénissieux, kusa da Saint-Fons, na neman mai kula da kwamfutocinsu, sun ɗauke ni. Bai kai wancan ba ta kowace fuska, kuma sai an mai da takarduna Lyon an sake dubawa daga farko, suna iya ƙi. Baba Abakar ya yi mini faɗa sosai a waya, ya ce wa ke sakin abin da ke hannunsa ana saura wata biyu takardar zama ta ƙare. Na ce masa Paris ta yi mini hayaniya, kuma ɗaki ya fi samuwa a Bron. Daga baya ya ce, "To, 'yata. Allah ya sa hayaniyar ce."

Inna ban gaya mata ba tukuna.

Alhamis, 9 ga Satumba

Sun ba ni takardar wucin gadi, ta wata uku, da izinin aiki. Matar da ke ofishin takardun ta ce sauran sai a jira. Na gaya wa Inna komai. Ta tambaya ko ina cin abinci.

Asabar, 18 ga Satumba

Ranar da ake buɗe wuraren tarihi kyauta a duk ƙasar. Agathe ta sa sunanmu a takardar unguwa, na ce mata ba wanda zai zo bayan masana'antu kallon tsofaffin injina. Mutane sun zo. Ba tururuwa ba, amma ban zauna ba tun safe, muryata ta dushe.

Wajen la'asar wata dattijuwa ta shigo da jakar kasuwa, ta ce sunanta Nathalie, a nan Saint-Fons take. Ta wuce komai ta tsaya gaban injin huda kati. Ta ce ta shekara goma sha ɗaya tana buga irinsa a ɗaya daga masana'antun can, su arba'in a ɗaki ɗaya, ba a jin maganar juna don ƙara. Ta tambaya ko za ta iya zama. Ba a taɓa wannan injin. Na jawo mata kujera.

Ba a kunne yake ba, amma ta ɗora hannun dama, yatsun suka tafi da kansu. Tana bugawa tana gaya mini sunayen waɗanda ke zaune dama da hagu da ita, wadda ta rasu, wadda ta koma Aljeriya. Ta ce tana da rigar aikinta da hotonsu gaba ɗaya a gida, 'ya'yanta za su zubar in ta mutu, tana so ta kawo nan. Sai ta ce, "Wa ke riƙe da wurin? Da wa zan yi magana?"

Na waiwaya baya. Mariama ce kawai can tana raba ruwan lemo.

Na ce, "Da ni."

Don dai kada ta yi ta jira ne. Za ta kawo su Asabar mai zuwa, sai na matsar da Minitel biyu in sama wa hoton bango. Kuma rufin kusurwar gabas yana yoyo, dole a duba shi kafin sanyi.